Koyon kaɗa ud da kunne: ta ina ya kamata in fara?

Ɗan Gadarif ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya a inda yake. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, sai yau da wata matsala ta sa na ga ya dace in nemi shawarar waɗanda suka riga ni sanin hanya.

Ni mazaunin Gadarif ne a gabashin Sudan, shekarata 23, ina taya mahaifina awon riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona. Lokacin da yaƙi ya taso dangin mahaifiyata daga Wad Madani a watan Disamba na 2023, kawuna ya iso gidanmu da jakar tufafi ɗaya da ud ɗinsa, wato molon nan na Larabawa mai ƙaton ciki da gajeren wuya. Bai cika shekara tare da mu ba Allah ya yi masa rasuwa, sai mahaifiyata ta ce in riƙe ud ɗin, tunda ni ne nake zama kusa da shi idan yana kaɗawa a tsakar gida bayan isha'i. Ban taɓa roƙonsa ya koya mini ba, domin a lokacin gani nake akwai sauran lokaci.

Wata 7 ke nan ina fama ni kaɗai. Abin da nake yi shi ne in kunna waƙa a waya, in ɗora ud a cinya, in riƙa lalube da yatsa har in ji na dace da abin da mawaƙin yake faɗa. Wani lokaci nakan kama farkon waƙar, raina ya yi fari, amma da ta yi nisa kaɗan sai in ɓace, in rasa ko sama ta yi ko ƙasa. Washegari kuma ɗan abin da na kama jiya sai in neme shi in rasa. Na koma ga darussan da ake sakawa a YouTube, na tarar galibin malaman 'yan Masar ne, suna magana a kan maƙamai, wato hanyoyin karin waƙar Larabawa masu muryoyi bakwai, suna nuna nota, wato rubutun kiɗa, a kan layuka biyar. Idan na bi abin da suka nuna, sautin da yake fitowa mai daɗi ne, sai dai bai yi kama da abin da kawuna yake kaɗawa ba, bai kuma yi kama da waƙoƙin da ake ji a gidajen bikinmu ba.

Akwai kuma wani buri da yake raina wanda ya fi wannan girma. Kakata tana raye, ta haura shekara 80, kuma tana da waƙoƙin Hausa na niƙa da na daɓe da na rakiyar amarya waɗanda ta ɗauko daga bakin mahaifiyarta. Ban taɓa jin su a wani wuri ba sai a bakinta, kuma ina so in iya kaɗa su tun tana da ƙarfin gyara mini.

Tambayata ita ce, shin mutum zai iya kaiwa ga ƙwarewa da kunne kaɗai, ko dole sai ya koyi nota? Idan zai yiwu, da me ake farawa, kuma mene ne nake yi ba daidai ba da ya sa abin yake zube mini kullum? Allah ya saka da alheri.

Tsohon makaɗi daga Mai Wurno ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya kai haske kabarinsa. Jikana ne ya karanta mini tambayarka, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa, domin idona ya daina ɗaukar ƙananan rubutun waya. A Mai Wurno aka haife ni, garin da kakanninmu suka kafa a bakin Bahar Azrak, wato reshen kogin Nilu, bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma na yi fiye da shekara 30 ina kaɗa ud a gidajen biki tsakanin Sinnar da Madani ba tare da na san ko ɗigo ɗaya na nota ba. Saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce, ana iyawa ƙwarai. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kunne ya girmi kaka.

Kuskurenka kuwa na gane shi tun daga yadda ka faɗi abin. Kana kunna waƙa kana lalube a lokaci guda, wato yatsanka yana gudu a bayan mawaƙi kamar yaro a bayan mota, kunnenka kuma ya rabu biyu, bai ji mawaƙin sosai ba, bai ji ud ɗin sosai ba. Abin da ka dace da shi ta wannan hanya dacewa ce kawai, shi ya sa ba ya kwana. Tsakanin kunne da yatsa akwai wani zango da ka tsallake, shi ne bakinka.

Maigidan da na koya a wurinsa ya sa na shekara cur ina ɗaukar masa ud ina yi masa amshi, ban da izinin taɓa tsirkiya. A lokacin ina ganin ƙwauro yake yi mini. Ranar da ya fara miƙo mini ud ɗin, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa da la'asar, sai ya ambaci wata waƙa ya ce in rera ta tukuna daga fari har ƙarshe. Na rera, ya ce in sake da baki rufe, ta hanci, babu kalma ko ɗaya. A nan na gane cewa akwai gurare biyu da kalmomi ne suke ɗauke da ni, karin bai zauna mini ba. Ya karɓe ud ɗinsa, sai da na yi mako biyu na gyara guraren nan sannan ya sake ba ni. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, yatsanka ba zai same shi ba, domin bai san abin da yake nema ba.

To ga yadda zan so ka yi. Ka zaɓi waƙa ɗaya tak, gajeriya, wadda ka sani tun kana yaro. Ka saurare ta da hannunka wofi, ud yana rataye, har sai ka iya rera ta kana tafiya kasuwa ba tare da ka yi tuntuɓe a ko'ina ba. Daga nan sai ka nemi gidanta. Kowace waƙa tana da gida, wato muryar da take komawa ta huta a kanta, wadda idan an tsaya a nan rai yakan ji magana ta ƙare, idan kuwa an tsaya a wata sai ka ji kamar an bar ƙofa a buɗe. Galibi ita ce muryar ƙarshe ta amshi. Ka riƙe ta da bakinka, ka ja ta da tsawo, ka kashe waya, sannan ka ɗauki ud ka neme ta a tsirkiya. Idan ka same ta, ka kaɗa ta ita kaɗai kana rera waƙar duka a kanta, za ka ji da kanka yadda waƙar take fita daga gida, ta yi yawonta, ta dawo. Wanda ya san gida ba ya ɓata, ko da ya yi nisa.

Bayan haka sai ka ɗauki waƙar gaɓa-gaɓa, abin da numfashi ɗaya zai ɗauka. Ka rera gaɓar, ka yi shiru kaɗan, ka tambayi kanka daga wannan murya zuwa ta gaba hawa aka yi ko sauka, taku kaɗan ne ko tsalle, sannan ka sa yatsa. Kada wannan ya ba ka tsoro, domin kai Bahaushe ne, kunnenka yana wannan aiki tun kana goye. Ba ka taɓa rikita kuka na hawaye da kuka ta miya ba, ba ka taɓa rikita wuya na jiki da wuya ta wahala ba, alhali babu abin da ya raba su sai hawa da saukar murya. Da wannan ne mai kalangu yake magana: ya matse shi a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, jama'a su ji taken mutum su gane wanda ake kira. Waƙoƙin kakarka ma galibi karinsu yana bin yadda kalmomin suke hawa da sauka a magana, don haka idan ka rikice, ka faɗi baitin kamar zance, zai nuna maka hanya.

Ina kuma ba ka shawara ka yi watanni na farko a kan tsirkiya guda, kana hawa da sauka a kanta, ka manta da sauran. Kukuma tsirkiyarta ɗaya, goge ɗaya, kuma marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙa cika fili. A tsirkiya ɗaya idonka yana ganin abin da kunnenka yake ji, yatsa ya matso ciki murya ta sirance, ya ja baya ta yi kauri.

Kada ka raina bugu. Kafin ka kaɗa kowace waƙa ka tafa ta da hannu, ƙafarka tana taka ƙasa, ka san ko tumtum ce, ko mardum, ko sira ta rakiyar ango. Mutane a gidan biki sukan yafe wa makaɗi idan yatsansa ya zame, amma idan ya karya bugu sai ka ga masu rawa sun tsaya suna kallonsa.

Maganar kakarka kuwa, ka gaggauta. Ka zauna kusa da ita da hantsi lokacin da muryarta ta buɗe, kada ka sa ta bi ud, kai ne za ka bi ta. Yau za ta ɗauko waƙa daga sama, gobe daga ƙasa, gwargwadon ƙarfin ƙirjinta, kuma duk daidai ne, gidan ne ya matsa, waƙar tana nan yadda take. Wayar nan kuma ka ajiye ta gefe gwargwadon iko.

Malama daga Kasala ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na karanta jawabinka sau biyu, kuma abin da ka faɗa game da rerawa kafin kaɗawa shi ne ainihin abin da aka koya mana a aji da wani suna daban. Ni na yi karatu a makarantar kiɗa ta Khartum, wadda aka buɗe a 1969 a matsayin cibiya, daga baya ta zama Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo a ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, kuma darasin da ya fi kayar da ɗalibai a can shi ne na horar da kunne, inda malami zai kaɗa gaɓa a fiyano ya ce a rera a kuma rubuta. Waɗanda suka taso a gidajen madahu da gidajen biki su ne suke wucewa gaba a wannan darasi.

Ƙanena, bari in warware maka abin da ya rikita ka game da darussan Masar. Kiɗan tsakiyar Sudan, kamar yawancin kiɗan Hausa da na Habasha, a kan tsani mai muryoyi biyar yake tafiya, wanda ake kira sullam khumasi. Idan ka ɗauki sunayen nan bakwai, Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, ka cire Fa da Si, abin da ya rage shi ne tsaninmu. Idan ka samu org, wato fiyanon lantarki, a wurin wani, ka taɓa baƙaƙen maɓallai kaɗai, za ka ji waƙoƙin gida suna fitowa da kansu, domin su ma biyar-biyar suke a jere da irin wannan tazara. Kowace daga cikin biyar ɗin tana iya zama gidan da Baba ya ambata, kuma sauya gida shi ne yake sauya yanayin waƙa, wata ta zo da walwala, wata da kewa. Ka ga ke nan laluben da kake yi bai kai yadda kake zato yawa ba: idan ka samu gida, saura huɗu kawai kake nema, kuma su ne suke maimaita kansu a sama da ƙasa.

Ud kuwa kamar don wannan tsani aka ɗaura shi. Yawanci tsirkiyoyinsa 11 ne, biyar tagwaye da ɗaya tilo mai kauri, kuma a ɗaurin da galibin Larabawa suke yi, tagwaye huɗun da suka fi siranta su ne La, Re, Sol, Do. Ka fara daga La a buɗe, ka danna ka sami Do, ka koma Re a buɗe, ka danna ka sami Mi, ka koma Sol a buɗe, ka danna ka sami La, ka ƙare a Do a buɗe. Buɗe da danna ke nan har ka hau tsanin duka, yatsa ɗaya a kowace tsirkiya. Tsawon tsirkiya daga karan wuya zuwa gadar da take ɗaure yakan kai santimita 60 ko kusa da haka. Idan ka danna a rabin tsawon, muryar farko ce za ta dawo maka a sirance, abin da ake kira jawab. Idan ka danna daidai inda wuya ya haɗu da ciki, wato sulusin tsawon, Do za ta zama Sol. Idan kuma ka danna a rubu'i, wajen santimita 15, za ka sami muryar tsirkiyar da take biye a buɗe, kuma da wannan ake ɗaure tagwayen nan huɗu da kunne.

Ɗaurin nan kada ka yi wasa da shi, domin ina kyautata zaton yana cikin abin da yake sa aikin jiya ya ɓace maka yau. Idan tsirkiya ta saki da dare, yatsa zai koma inda ya sani amma murya ba ta nan. A Gadarif damina tana da ƙarfi, itace yakan sha danshi turakun ɗauri su cije, da rani kuma su riƙa zamewa. Ana goga musu ɗan alli idan suna zamewa, ɗan busasshen sabulu idan sun cije. Ka ɗauki La daga manhajar waya, sauran ka ɗaure su da kunne. Wajen daidaita tagwaye, ka kaɗa su tare ka saurara da kyau: idan sun kusa daidai amma ba su kai ba, za ka ji sautin yana rawa, yana zuwa yana komawa. Kana murɗa turke a hankali rawar tana raguwa, har ta tsaya cik su zama murya ɗaya. Minti biyar na wannan kullum yana wasa kunne fiye da yadda za ka zata.

Inda zan ɗan saɓa wa Baba, cikin ladabi, wuri biyu ne. Na farko waya. Gaskiya ne kada a kaɗa tana kunne, amma tana da amfanin da babu kamarsa wajen naɗar kanka. Mai kaɗawa yakan ji abin da ya yi niyya, ba abin da ya fito ba, sai ya saurari kansa daga baya yake jin inda yatsa ya gaza. Ka kuma naɗi kakarmu, kowace waƙa fiye da sau ɗaya a ranaku daban-daban, ka ajiye a wuri biyu, domin mu da muka baro gidajenmu a Khartum mun san yadda abu yake salwanta a dare ɗaya. Na biyu nota. Ba na cewa ka fara da ita, kuma tarihi yana bayan Baba: an buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, kuma a farkon shekarun nan ne A'isha Falatiya, wadda asalinta namu ne, ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata ud, kusan shekara 30 kafin a buɗe makarantar da na yi. Sai dai ranar da za ka zauna da masu kamanja, wato gogen Turawa, da mai akodiyon, za ka buƙaci harshen da za ku fahimci juna da shi. Saboda haka ka koyi sunayen muryoyin tun yanzu, kana rera gaɓa da kalmominta sannan ka sake rera ta da Do, Re, Mi. Layuka biyar na takarda za su iya jira shekara ɗaya ko biyu.

Mazaunin Jidda ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da Malama. Ɗan'uwa, ni a Bur Sudan na tashi, yanzu ina Jidda, kuma org nake kaɗawa a bukukuwan 'yan Sudan da na Hausawan Hijaz. Abu biyu zan ƙara daga abin da ya same ni.

Kada ka watsar da malaman Masar gaba ɗaya. Ka bar musu hannun hagu, ka karɓi hannun dama. Yadda ake riƙe risha, wato ɗan abin da ake bugun tsirkiya da shi, yadda ake sakin wuyan hannu kada ya sandare, bugun ƙasa da na sama, da karkarwar nan da ake ja da ita idan murya ta yi tsawo, duk waɗannan ido ne yake koyonsu, kunne ba zai nuna maka su ba, kuma wanda ya saba da mummunan riƙo yakan sha wahala kafin ya sauya. Ka kashe sautin bidiyon ma idan ka so, ka kalli hannun kawai.

Na biyu, ka sani kunnen da ya taso a kan biyar yana da nasa makanta. Da na zo nan aka fara neman in kaɗa waƙoƙin Hijaz, sai na riƙa tsallake muryoyi ban sani ba, kunnena yana mayar da kowace waƙa tsanin gida. Wani dattijo mai ud ne ya zaunar da ni ya kaɗa mini Mi iri uku, ta fiyano, da wadda ta sauka rabin taku, da wata a tsakaninsu, ya ce ta tsakiyar nan ita ce ran maƙamin rast da na bayati. Na yi makonni ina jin ta kamar kuskure kafin ta zauna mini. A org sai an danna wani maɓalli na musamman take samuwa, kai kuwa ud ɗinka ba shi da tsagi a wuya, yatsa kawai za ka gusar. Ban ce ka shiga wannan yanzu ba, ka gama da na gida tukuna, amma idan ka ji wata murya da ba ta cikin biyar ɗinka, kada ka yi saurin cewa mawaƙin ne ya kauce.

Haka nan tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga faifai da kaset, sau da yawa na'urar ta yi sauri ko ta yi nauyi, sai waƙar duka ta faɗa tsakanin muryoyi, ka nemi gidanta a ud ka rasa. Laifin ba naka ba ne. Ka koye ta da baki kamar yadda Baba ya ce, ka kashe, ka ɗora ta a kan gidan da ya fi kusa. Maganar bugu kuma na gaskata ta a nan: wasan mizmar na Hijaz, wato rawar sanda da ganguna, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, yara a da'irar tafi suke koyonsa, babu mai ƙirga musu komai.

Ɗan Gadarif ya sake rubutawa:

Baba, Malama, Yaya na Jidda, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna, yau kwana 16. Na rataye ud na kwana biyar ina rera waƙar niƙa ta kakata ta hanci, kuma na tarar da abin da Baba ya faɗa, akwai wurin da kalmomi ne suke riƙe da ni. Na sami gidanta a kan Re, na kuma gane cewa tsirkiyar Sol ta kawuna tana saki kowane dare, alli ya yi maganin abin. Jiya na kaɗa mata baiti biyu na farko, ta ajiye carbinta ta karɓa, mahaifiyata ta fito daga madafa ta tsaya a bakin ƙofa har muka gama.

Sai dai akwai wuri ɗaya a baiti na uku, inda ake ambaton dutsen niƙa, da duk lokacin da na kaɗa sai ta girgiza kai ta ce ba haka ba ne. Na gwada Mi ta ce na yi ƙasa, na gwada Sol ta ce na wuce. Na saurari abin da na naɗa sau da yawa, a rana ɗaya kamar Mi, a wata rana kamar ta fi ta. Baba, yaya ake yi da irin wannan?

Tsohon makaɗi daga Mai Wurno ya amsa:

Madalla, ɗana, hannunka ya fara faɗawa. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata wani ɗanta a Mai Wurno yana roƙon addu'a.

Wurin nan da ya gagare ka, ina zaton ba murya ɗaya ba ce a tsaye, tafiya ce. Waƙar niƙa da jiki ake yin ta, mace tana tura ɗan dutse gaba tana jawo shi, kuma a inda ta tura da ƙarfi murya takan taso daga ƙasa ta miƙa sama kafin ta sauka. Kai kana neman inda za ka kafa yatsa, ita kuwa jan muryar take so ta ji. Ka danna a inda kake kira Mi, ka buga risha sau ɗaya, sannan ka zame yatsan zuwa ciki a hankali tun sautin bai mutu ba, kada ka ɗaga shi daga tsirkiya. Masu goge haka suke yi kullum, kuma don irin wannan ne aka bar wuyan ud sumul.

Kafin ka gwada, ka roƙe ta ta rera maka baitin tana kwatanta niƙan da hannuwanta, ko a kan tabarma ne, ka lura da daidai kalmar da kafaɗunta suke tafiya gaba. Ka rera tare da ita har muryarka ta shige cikin tata, ka daina jin mutum biyu. Nisan da za ka zame kuma ita za ta faɗa maka, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana duban fuskarta. Idan ta bar girgiza kai ta ci gaba zuwa baiti na huɗu ba ta tsaya ba, ka maimaita wurin sau goma nan take kafin ka tashi, sannan ka naɗa ka turo wa jikana in ji.